Wai Kana Son Sunanka Ya Kai Na Uderzo

Kai yaro, ka tambaye ni yadda Albert Uderzo, Bafaranshen da ya zana Asterix, jarumin wasu labaran barkwanci na zane, ya yi suna har duniya ta san shi, wai kai ma ka bi sawunsa. Halinku kenan 'yan yanzu, hannu bai faɗa da buroshi ba, ana ƙirga mabiya a Facebook.

Asterix ya fara fitowa a mujallar Pilote a 1959, René Goscinny na rubuta labari, Uderzo na zanawa, mako-mako. Littafin farko na 1961 kwafi 6,000 kacal aka buga, amma a 1965 Faransa ta raɗa wa tauraron ɗan'adam ɗinta na farko suna Asterix. Uderzo fa ba ya bambance wasu launuka. Ƙarfinsa a layi yake: da buroshi yake sa tawada, layi ya taso siriri, ya yi kauri a tumbin Obelix, ƙaton abokin Asterix, ya sake sirancewa. Zancen fensir da auna shafi kuwa ba zan ɓata bakina ba.

Tambayar da ta kamace ka ita ce: zanen na waye? Da Goscinny ya rasu a 1977, kamfanin Dargaud mai buga musu ya maka Uderzo a kotu don ya ƙarasa littafin da suka faro. A 1979 ya kafa nasa kamfanin, Albert René, kuma sai a 1998 kotu ta ƙwace littattafai 24 na farko daga hannun Dargaud. In aka yi wa mai wannan suna haka, kai wa?

Wani mai ɗab'i ya karɓi asalin zanena na bangon littafi, ya biya kuɗin bugu ɗaya, ya ce zai dawo da shi in an ɗauki hotonsa. Shiru. Kwatsam sai ga zanen a bangon wani littafi daban, an sauya launin mayafin yarinyar, an datse kusurwar ƙasa inda sa hannuna yake. Da na tunkare shi, ko kunya babu, ya ce, "Malam, ai ka sayar." Har gobe in na gan shi raina sai ya ɓaci.

Saboda haka asalin zane ba ya barin shago. Ka ba su hotonsa na kwamfuta, baƙi da fari a dpi 600, wato ɗigo 600 a kowane inci, don ƙasa da haka siraran layuka kan kakkarye a bugu. Sa hannunka ya shiga cikin zanen, ba gefen da wuƙar yanka takarda ke ci ba. A rubuta a takarda, gaban shaidu: kwafi nawa, shekara nawa, da wane harshe. A 2017 asalin zanen bango guda na Uderzo ya haura Yuro miliyan 1.4 a gwanjo a Paris.

Tashi ka wanke buroshin can kafin tawada ta bushe a gindinsa ya tsage baki.