Amsa ga mai neman kalmomin Turanci da za su maye gurbin "very bad"

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na ga tambayarki cewa malaminku na Turanci ya yi ta jan layi da jan biro a ƙarƙashin "very bad" a rubutunki, ya ce ki nemo wasu kalmomin, ke kuma da kika buɗe ƙamus sai kika tarar da terrible da horrible da awful da dreadful duk an ba su ma'ana kusan ɗaya, kika rasa ta ɗauka. Waɗanda suka riga ni sun jero miki kalmomi da yawa, Allah Ya saka musu da alheri. Ni darasin yamma nake koyarwa a nan Jos ga masu shirin WAEC da NECO, kuma abin da na lura shi ne haddace jerin kalmomi ba ya fisshe da ɗalibi. Kowace kalma tana da irin munin da take nufi, tana kuma da sunayen da ta saba zama kusa da su. Da su za ki haddace ta.

Huɗun nan da kika ambata su ne na yau da kullum, kuma ba su da tsauri sosai. Ciwon kai, cunkoson motoci a Terminus da ke tsakiyar Jos, sanyin Jos a watan Janairu, abincin da bai yi daɗi ba, duk za ki iya cewa terrible ko awful, ba wanda zai ce kin yi kuskure. Horrible ta fi karkata ga abin da rai ya ƙi, kamar wari ko mafarki marar daɗi ko mutum mai mugun hali. Dreadful kuwa ta fi yawa a bakin mutanen Ingila, tana da ɗan ƙamshin maganar dattawa. Ki kuma riƙe cewa idan mutum ya ce "I feel terrible" ko "I feel awful", ba cewa yake yi shi mugu ba ne. Ko dai jikinsa ba daɗi, ko kuma abin da ya yi wa wani ne yake damunsa.

Kuskuren da ya fi cin makin yara shi ne ɗora "very" a kan waɗannan kalmomi. Da zarar an hana yaro "very bad" sai ya koma "very terrible", yana ganin ya ci gaba. To, terrible da kanta ta riga ta haɗiye "very" a cikinta. Idan kina son ƙara mata ƙarfi, sai ki ce "absolutely terrible" ko "really awful" ko "utterly appalling". "Really" ita ce mai sauƙin kai, tana shiga ko'ina. Haka nan "more worse" da nake ji kullum, har a bakin manya masu digiri, babu ita a Turanci: bad, worse, worst, shi ke nan.

Yanzu ga inda aikin yake. Idan abin da kike son kushewa rashin inganci ne, wato an yi aiki amma bai kai ba, kalmarki ita ce abysmal. Daga abyss ta fito, ramin da ba a ganin ƙarshensa, shi ya sa take tafiya da sakamakon jarrabawa da ƙwazon ma'aikata da wasan ƙungiyar ƙwallo: "an abysmal performance". Atrocious ma tana yin wannan aikin, kuma ta saba da rubutun hannu da yanayin gari da tuƙin mota. Appalling ta ɗara su, domin ita tana ɗauke da kaɗuwa da ɓacin rai, irin abin da za ki gani ki ce "yanzu a haka mutane suke rayuwa?" Ajin da yara suke zaune a ƙasa rufi na yoyo, wannan "appalling conditions" ne. Ki kula da rubutunta, p biyu ne, l biyu. Deplorable kuwa in kina karanta jaridun ƙasar nan kin san ta, kusan ba a maganar hanya sai an ce "the deplorable state of the road". Daidai ce a wasiƙar koke zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, irin wadda ake yawan tambaya a jarrabawa, amma ki yi ta sau ɗaya, domin mai duba takarda ya gaji da ganinta.

Idan kuma maganar rai da asara ce, kalmomin daban ne, kuma a nan ne nake son ki fi natsuwa. Horrific ta haɗarin mota ce da raunuka da kisan gilla, abin da ido ba ya son gani. Ba a cewa shayi horrific sai dai da wasa. Tragic tana nufin abin baƙin ciki da yawanci ya haɗa da mutuwa. Devastating ita ce ta abin da ya share dukiya ko ya karya zuciya. Gobarar da ta cinye babbar kasuwar Terminus a 2002, duk wanda ya san yadda 'yan kasuwa suka wayi gari ba su da komai zai gane me ya sa ake cewa "a devastating fire". Haka ambaliyar da ta afka wa unguwar Rikkos ta nan Jos a 2012. Disastrous da catastrophic na sakamako ne, shawarar da ta jawo masifa ko lamarin da ya rusa komai, kuma catastrophic ta fi girma. Ki lura babu e a tsakiyar disastrous duk da cewa akwai ta a disaster. Yara da yawa suna faɗuwa a nan.

Na laifi kuma akwai heinous, wadda kusan kullum "crime" ce a bayanta, kuma "heinas" ake furta ta, ba "hiniyos" ba. Outrageous ta abin da ya wuce gona da iri ce, kamar kuɗin haya a Abuja. Disgusting ta ƙyama ce, ko ƙazanta ko hali. Dastardly da 'yan siyasarmu ba sa rasa ta a saƙon jaje, "this dastardly act", tsohuwar kalma ce da Turawan yanzu ba su cika amfani da ita da gaske ba. Ni dai ba na ba ɗalibaina shawarar su ɗauke ta.

Akwai guda biyu da suke jefa mutum cikin kunya. Ta farko terrific. Ta yi kama da terrible, asalinsu ma ɗaya, amma a Turancin yau yabo ce, ma'anarta abu ya yi kyau ƙwarai. Na taɓa ganin takardar da wani ya rubuta wa maigidansa yana neman hutu, ya ce mahaifiyarsa tana cikin "terrific condition" a asibiti. Allah Ya sa maigidan ya fahimci nufinsa. Ta biyu pathetic. Mu a nan muna faɗinta da nufin abin tausayi, kuma ƙamus bai hana ba, amma a kunnen Bature yawanci raini ce, kamar ki ce wa mutum ba shi da wani amfani. Idan kika ce wa wanda aka yi wa rasuwa labarinsa pathetic ne, kin zage shi ba ki sani ba. Heartbreaking ko "very sad" sun fi aminci. Ki kuma sani cewa terribly da awfully sau da yawa "ƙwarai" kawai suke nufi: "I'm terribly sorry" ban haƙuri ne mai ladabi, "awfully kind" kuma yabo ne.

Sai bambancin ƙarshen kalma da ke rikita mutane. Abin da ya jawo ji shi ke ɗaukar -ing, mai jin kuma -ed. "The toilet is disgusting", amma "I am disgusted". Wanda ya ce "I am disgusting" kansa ya kira abin ƙyama. Haka appalling da appalled, shocking da shocked.

Shawarata a kan rubutun jarrabawa: waɗannan kalmomi kamar yaji suke, in suka yi yawa sun ɓata miyar. Na sha duba insha'in da aka kira rashin ruwan famfo na kwana biyu catastrophic, aka kira jinkirin malami heinous. Idan kika ƙarar da manyan kalmomi a kan ƙananan abubuwa, me za ki ce in kika zo kan babban? Wani lokaci ma "poor" ko "serious" ko "severe" sun fi dacewa a wasiƙar hukuma, kamar "poor drainage" da "severe shortage of water". Lousy kuwa ta hira ce da ƙawaye, kada ta shiga takardar jarrabawa.

Ki samu ƙaramin littafi, duk kalmar da kika tsinta a jarida ko a labaran rediyo ki rubuta ta tare da sunan da ta zo da shi, kamar "dire need" ko "horrendous traffic". Sashen nan na WAEC da JAMB da ake cewa a zaɓi kalma mafi kusa da ma'ana, da irin wannan sanin ake cinsa. Ki gwada rubuta jimla biyar da biyar daga cikin kalmomin nan ki turo, in sha Allahu zan duba miki bayan sallar isha'i.