Kallon fim kaɗai zai koya mini Koriyanci?

Tambaya: Malam, shekara biyu ke nan ina kallon finafinan Koriya masu dogon zango a waya, da fassarar Faransanci a ƙasa, amma ban wuce gaisuwa ba. Ina matsalar take? Daga wata ɗaliba a Maraɗi.

Amsa: Malama, idonki ne ke aiki, kunne na hutawa. Faransanci kike karantawa.

Fara da Hangul, rubutun Koriyanci da Sarki Sejong ya ƙirƙiro a 1443. Haruffan asali 24 ne, baƙaƙe 14 da wasula 10, mako guda ya isa. Daga nan ki ware minti uku kacal daga fim ɗin, ki kalla sau uku: da Faransanci, da rubutun Koriyanci, sannan ba rubutu. Ki riƙa tsayarwa kina maimaitawa da baki, ki rubuta jimla biyar a littafi. Saukar da fim ɗin tukuna, kada kuɗin intanet su ƙare a maimaici.

Aikatau a ƙarshen jimla yake zuwa, shi ya sa fassara ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da maganar.

Inda ake yawan zamewa shi ne ladabi. Ƙawaye a fim suna yar da "yo", kalmar girmamawa ta ƙarshen magana. Ki yi wa babba haka, kin yi rashin kunya. Mace ce ke kiran yayanta namiji "oppa", namiji kuwa "hyeong" yake cewa. Finafinan sarauta ki bar su don nishaɗi kawai, maganar fada ce ta zamanin da, ba mai yin ta a kasuwar Seoul yau.