Daga nan gida, ta yaya zan riƙa bin ƙungiyoyin Jami'ar Houston da tsofaffin 'yan wasanta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mai son ƙwallon kwando ne daga Zariya. Tun da na ji cewa a Jami'ar Houston ta Amurka Hakeem Olajuwon ya taso na ɗauki ƙungiyarsu a matsayin tawa, har ma ƙungiyarsu ta ƙwallon ƙafa irin na Amurka ta fara shiga raina. Matsalata ita ce ban san lokacin da suke wasa ba, teburin nasu yana rikita ni, kuma ɗan wasan da na sani bara sai in neme shi bana in rasa. Yaya ake yi?

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam. Ka zaɓi makaranta mai tarihi, kuma duk abubuwa ukun da ka lissafa suna da magani. Sai dai tun farko a cire rai da cewa za a kalli kowane wasa kai-tsaye. Mafi yawansu cikin tsakar dare suke faɗowa a agogonmu. Wanda ya iya karanta jadawali, ya iya karanta takardar sakamako, ya kuma san watannin da 'yan wasa ke sauya sheƙa, zai fi mai raba dare yana kallo sanin halin da ƙungiyar take ciki.

Fara da suna, don a nan mutane da yawa ke ɓata. Ƙungiyoyin jami'ar ana ce musu Houston Cougars. Houston Rockets ƙungiyar ƙwararru ce ta NBA, Houston Texans kuma ta NFL, gasar ƙwararru ta ƙwallon ƙafa irin na Amurka, duk a gari ɗaya amma ba ruwansu da makarantar. Akwai kuma Jami'ar BYU, ita ma Cougars ake ce wa ƙungiyoyinta, kuma rukuni ɗaya suke da Houston. Don haka idan ka rubuta Cougars kawai a wajen bincike, labarin wasu ne zai iya fito maka. Ka riƙa haɗawa da Houston. A manhajar ESPN ko wata irinta, shiga sashen wasannin jami'o'i na hukumar NCAA, ka zaɓi Houston sau biyu, ɗaya a ƙwallon kwando na maza, ɗaya a ƙwallon ƙafa, ka kunna sanarwa ga kowanne. Mutane sukan zaɓi ɗaya su ɗauka ya haɗa duka.

Sai maganar agogo. Houston tana jihar Texas, kuma lokacinta a jadawali ana sa masa alamar CT. Daga Lahadin farko ta Nuwamba zuwa Lahadi ta biyu ta Maris, Najeriya da Nijar suna gabanta da awa 7. Sauran watannin shekara awa 6 ne, saboda Amurka tana tura agogonta gaba da awa ɗaya. Wanda ke Gana ya rage awa ɗaya daga wannan lissafi. Tarkon shi ne, gidajen talabijin sun fi son rubuta lokacin gabashin ƙasar, mai alamar ET, wanda ke gaban na Houston da awa ɗaya. Idan ka ga ET, ƙara awa 6 a lokacin sanyi, 5 a sauran lokaci. Misali, wasan kwando da aka sa ƙarfe 7 na yamma CT ranar Talata a Janairu, a Zariya ƙarfe 2 na daren da zai waye Laraba ne. Ka kula da ranar, domin nan ne ake kuskure: mutum ya zauna jira daren Laraba alhali an gama tun kafin asubarta. Wasannin Asabar su ne rabonka. Wasan ƙwallon ƙafa da aka fara ƙarfe 11 na safe CT a Satumba ko Oktoba yana kama ƙarfe 5 na yamma a nan, na kwando kuma da aka sa ƙarfe 1 na rana a Fabrairu yana kama 8 na dare. Ware wa na kwando awa biyu, na ƙafa kuwa fiye da uku.

Wajen kallo, tashoshin ESPN da ke kan DStv suna nuna wasu wasannin jami'o'i, amma su ke zaɓar wanda za su nuna, ba lallai ya zama na Houston ba. ESPN+ na intanet kuwa na mazauna Amurka ne. Abin da ya fi dacewa da aljihu da kuma data shi ne taƙaitaccen bidiyo na minti goma ko ƙasa da haka da ake ɗorawa a YouTube bayan an tashi wasa. Ka kalle shi da safe, da takardar sakamako a gefe. Shafukan da ke alkawarin kallo kyauta ka yi nesa da su, tallace-tallace ne da manhajojin da ke lalata waya.

Yanzu tebur. Tun 2023 Houston take rukunin Big 12, wanda duk da sunansa makarantu 16 ne a cikinsa. Babu faɗawa ƙaramin rukuni, babu kunnen doki, babu maki uku ga wanda ya ci. Nasara da rashin nasara kawai ake ƙirgawa, kuma za ka ga lambobi iri biyu a gaban sunan ƙungiya, na wasannin cikin rukuni da na jimillar kaka. A kakar 2024 zuwa 2025, Houston ta ci 19 ta faɗi 1 a cikin rukuni, a jimillar kaka kuma ta ci 35 ta faɗi 5. Na farko ne ke nuna matsayinta a tebur. A rubutun Amurkawa baƙuwar ƙungiya ake fara ambata, mai gida a ƙarshe, kuma alamar @ a gaban sunan abokin karawa tana nufin a gidansa za a buga. Ƙaramar lambar da ke manne da suna, kamar 3 ko 12, matsayi ne a jerin 25 na farko da 'yan jarida ke kaɗa wa ƙuri'a ƙarƙashin kamfanin dillancin labarai na AP. Na ƙwallon ƙafa yakan fito ranar Lahadi, na kwando ranar Litinin. Ra'ayi ne, ba shi ke ba da kofi ba.

A kwando ana fara kaka farkon Nuwamba, a buga wasa kusan 30. Nuwamba da Disamba na karawa da makarantun wasu rukunoni ne, daga ƙarshen Disamba ko farkon Janairu a shiga na cikin gida, a Maris kuma a yi gasar rukunin a Kansas City. Daga nan sai babbar gasar da ake kira March Madness, ta sili-ɗaya-ƙwale. A 2025 ƙungiyoyi 68 suka shiga, 31 saboda sun ci gasar rukuninsu, sauran 37 kwamiti ne ya zaɓo su. Wannan kwamiti yana duba wani ma'auni mai suna NET, kuma yana fifita nasara a kan babbar ƙungiya, musamman a gidanta. Saboda haka cin ƙaramar makaranta da tazarar maki 40 a Fertitta Center, filin Houston, bai kai darajar cin Kansas ko Arizona da maki 2 a waje ba. Idan ka riƙe wannan, ba za ka firgita ba don sun faɗi wasa biyu ko uku a Nuwamba a hannun manya.

Takardar sakamako kuwa kada ka tsaya a layin maki. Wasan jami'a rabi biyu ne na minti 20, ƙungiya tana da daƙiƙa 30 ta jefa ƙwallo, kuma laifi 5 ke fitar da ɗan wasa, ba 6 ba kamar NBA. Don haka maki ba sa yawa. Tun da Kelvin Sampson ya karɓi horarwa a 2014, an san Houston da abu biyu: matse abokin karawa har ya rasa inda zai jefa, da kuma sake cafke ƙwallon da su kansu suka jefa bai shiga ba. Duba layin OREB, shi ne wannan cafkewar, da layin TO, wato sau nawa aka yi asarar ƙwallo. Idan Houston ta fi abokiyar karawarta a na farko, ta kuma yi ƙasa da ita a na biyu, ta buga irin wasanta ko da jifarta ba ta yi kyau ba. Ga ɗan wasa ɗaya kuma, mintunan da ya buga su ne shaidar yardar koci. Yaron da ke samun minti 8 a Disamba ya koma 22 a Fabrairu, shi ne za ka sa wa ido baɗi.

Ƙwallon ƙafan ya fi sauƙin bi, wasa 12 ne daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba, galibi Asabar, na gida a TDECU Stadium. Ƙungiya tana da dama 4 ta ci yadi 10. Kai ƙwallo ƙarshen fili maki 6 ne, da ƙarin 1 ko 2 bayansa, bugawa tsakanin sanduna kuma 3. Nasara 6 ke ba ƙungiya damar wasan ƙarshen kaka da ake kira bowl. Tun 2024 ƙungiyoyi 12 ke shiga gasar neman kofin ƙasa, kuma hanya mafi kusa ga Houston ita ce ta ci rukuninta.

Batun ɗan wasan da ka nema ka rasa shi ne ainihin abin da ya kamata a daɗe a kai. Waɗannan ɗalibai ne. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce kaka 4 cikin shekara 5, wato ana iya ajiye yaro shekara ɗaya yana atisaye ba ya buga gasa. Olajuwon kansa haka aka yi masa a shekararsa ta farko. Wannan ya sa ko a da, kowace shekara wasu na gamawa. Amma abubuwa sun ƙara sauri. A 2018 aka buɗe rumbun da ɗan wasa ke sa sunansa idan yana son barin makaranta, a 2021 aka ba su damar samun kuɗi da sunansu da hotonsu, a 2025 kuma makarantu suka fara biyansu kai-tsaye. Yanzu ƙungiya tana iya canza rabin fuskokinta cikin 'yan watanni. L.J. Cryer yana cikin 'yan Baylor da suka fitar da Houston a wasan kusa da na ƙarshe a 2021, amma a 2025 shi ne ke jan ragamar makin Houston har wasan ƙarshe, wanda Florida ta ci su 65 da 63. Lokacin sa ido a kwando shi ne daga ƙarshen Maris zuwa Mayu, a ƙwallon ƙafa kuma da zarar kaka ta ƙare. Kada ka yarda da jita-jitar X ko Facebook har sai ɗan wasan ko makarantar sun tabbatar. Sabon jerin sunaye yana fitowa a shafin ƙungiyar kafin a fara kaka. Ka ɗauki hotonsa ka ajiye, baɗi ka gwada da sabo.

Wanda ya gama ko ya bar karatu don zama ƙwararre, akwai ƙofofi da za ka bi. NBA tana zaɓen sababbin 'yan wasa a Yuni, zagaye biyu, wajen mutum 60. NFL tana nata a Afrilu, zagaye bakwai. A daren zaɓen NBA ana yawan musaya, kuma wannan na ruɗa masu bibiya. Clippers ce ta kira sunan Quentin Grimes a 2021 amma New York Knicks ya tafi. Washington ta kira Jarace Walker na 8 a 2023, ya ƙare a Indiana Pacers. Marcus Sasser a shekarar, Memphis ta kira, Detroit ya je. Jamal Shead a 2024, Sacramento ta kira, Toronto ta ɗauke shi. Ka jira washegari kafin ka rubuta inda mutum ya sauka. Kuma ka bi sunan ɗan wasan a manhaja, ba ƙungiyarsa ba, domin Grimes ya ratsa Detroit da Dallas ya isa Philadelphia cikin kusan shekara ɗaya.

Wanda ba a kira ba bai ɓace ba. A kwando ka neme shi a gasar gwaji ta Yuli a Las Vegas, ko a G League, ƙaramar gasar da ke ƙarƙashin NBA, ko a ƙungiyoyin Turai. A NFL ƙarshen Agusta ake rage 'yan wasa zuwa 53, wasu a ajiye su a tawagar atisaye. Shafukan Basketball Reference da Pro Football Reference suna ba da damar ganin duk wanda ya fito daga makaranta ɗaya a wuri guda, wannan zai rage maka wahala ƙwarai. Kuma kada ka auna makomar yaro da sunan da ya yi a jami'a. Andre Ware ya ci kyautar Heisman, ta gwarzon jami'o'i, a 1989, Detroit ta ɗauke shi na 7, amma bai yi tasiri a NFL ba, daga baya ya zama mai sharhi a talabijin. Case Keenum kuwa, duk da yadi 19,217 da ya jefa a Houston, babu wanda ya kira sunansa a zaɓen 2012, amma ya shafe fiye da shekara goma a NFL.

Tunda Olajuwon ne ya kawo ka, ka nemi tsofaffin wasanninsa. Shi da Clyde Drexler, ƙarƙashin koci Guy Lewis, su ne ƙashin bayan tawagar da aka yi wa laƙabi da Phi Slama Jama. Houston ta kai matakin huɗun ƙarshe a 1982 da 1983 da 1984. A 1983 NC State ta ci su 54 da 52 a daƙiƙar ƙarshe, duk da haka Olajuwon aka ba gwarzon gasar. A 1984 Georgetown ta Patrick Ewing ce ta hana su kofin. A shekarar ce Rockets ta ɗauke shi na ɗaya, Michael Jordan na uku, ya ci mata NBA a 1994, sannan a 1995 ya sake ci tare da Drexler. Idan za ka nemi bidiyon zamanin jami'a, rubuta Akeem ba tare da H ba, domin haka ake rubuta sunansa har zuwa 1991.