Ina da digiri a fiziyoloji, mastas kaɗai zai mayar da ni OT?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah shawara nake nema. Na gama digiri a fiziyoloji, na yi bautar ƙasa, yanzu ina aure a Agege. Bara babanmu ya samu shanyewar ɓarin jiki, toh a asibiti bayan masu gashi akwai wata da ake ce mata OT, wato mai okupeshinal terafi, ita ta koya masa saka riga da hannu ɗaya, wallahi tun ranar aikin ya shiga raina. Zan iya yin mastas kawai in zama irinta ko sai na koma aji ɗaya? Wani kuma ya ce min a waje ya fi sauƙi. Na gode.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Na ji daɗin tambayar nan sosai, don yawancin masu zuwa wajena ko sunan aikin ba su taɓa ji ba, aikinmu na okupeshinal terafi koya wa marar lafiya komawa harkokinsa na yau da kullum ne, amma wasu ɗauka suke nema wa mutane aikin yi ne, akwai wanda ya taɓa miƙo min takardun ɗansa wai in taimaka.

Bari in fara da abin da ba za ki so ji ba. A nan Najeriya mastas ba ya mayar da mutum OT. Ƙofar shiga ita ce digirin farko a fannin, daga nan intanshif, wato aikin horo a asibiti, na shekara ɗaya, sai lasisi daga hukumar MRTB, wadda aka kafa da doka mai lamba 38 ta 1988, ita ke kula da mu da masu gashi da masu gyaran magana da na ji da masu haɗa ƙafar roba. In babu rajistarta ko takarda nawa kika tara ba ki da hurumin taɓa marar lafiya da sunan OT. Digirin shekara 5 ne, Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ife ita ce ta daɗe tana yi, a sashen da suke haɗe da 'yan fisiyo, wato masu gashi, sannan akwai jami'ar kimiyyar lafiya ta Ondo. Tunda kina da digiri a hannu, ba lallai ki koma aji ɗaya ba, abin da za ki nema shi ne shiga kai tsaye ta JAMB, wanda a al'ada aji 2 yake kai mutum, amma ki karanta sharuɗɗan shekarar da za ki cike fom da idonki, kar ki dogara da "an ce". Bautar ƙasa kuwa sau ɗaya ake yi, wannan kin riga kin sauke.

Na san abin da ke ranki, Ife ba Legas ba ce, ga miji ga gida. Toh a nan kusa da ke akwai makarantar gwamnatin tarayya ta koyar da OT a Oshodi, ƙarƙashin asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba take. Sai dai difloma suke bayarwa, wanda ya fito mataimakin OT ne, yana aiki ƙarƙashin mai digiri. Na yi aiki da 'yan makarantar kuma hannunsu ya faɗa, musamman a ɓangaren masu taɓin hankali, amma ke da kike da digiri ki yi lissafi da kyau, matakin albashin da za a ɗora ki a kai ba ɗaya ba ne, kuma wata rana za ki so ki zama ke ce mai tsara jinyar ba mai bin tsarin wani ba.

Maganar waje kuma, wanda ya faɗa miki ya yi gaskiya rabi. A Ingila akwai mastas na shekara 2 da aka yi shi musamman domin irinku, masu digiri a wani fanni kamar fiziyoloji ko saikoloji, ana gamawa mutum ya cancanci neman rajista da HCPC, hukumar da ke yi wa masu aikin rajista a can. Ita HCPC ɗin in ta nemi shaidar Turanci, maki 7.0 take so a jarrabawar Turanci ta IELTS kuma kada wani ɓangare ya gaza 6.5. A Amurka ma ba a shiga aikin sai da mastas ko dakta, makarantar ta zama wadda ACOTE, hukumar tantance kwasa-kwasan OT a can, ta amince da ita, a yi sati 24 cur ana aiki a asibiti ƙarƙashin wani, sannan a zauna jarrabawar ƙasa ta OT da ake kira NBCOT kafin jiha ta ba da lasisi, kuma kafin su ɗauke ki ma sai sun ga kin yi wasu kwasa-kwasai kamar anatomi da istatistiks da ilimin girman ɗan Adam daga jariri zuwa tsufa. Kanada ma mastas ne. Kin ga hanya akwai, amma sauƙi kam babu, kuɗin makaranta na ɗaliban waje a fam ko dala ne, kuma karatun ba ya barin mutum ya yi aikin gefe yadda yake so don watanni za ki yi kina asibiti daga safe har yamma.

Ga wurin da nake so ki buɗe kunne. Mastas iri biyu ne masu kusan suna ɗaya. Akwai na shiga aiki, akwai na ƙarin ilimi ga wanda dama can OT ne, ko kuma wani kwas na "gyaran jiki" haka nan da ba ya kai kowa ga lasisi. Wata ƙawata haka wani ejan ya yi mata, ya nemo mata gurbi a wata jami'a, sunan kwas ɗin ga shi nan ras kamar shi ne, aka sayar da fili aka biya, sai da ta yi wata uku a can ta gane babu zuwa asibiti ko sau ɗaya a cikin manhajar, ta gama da sakamako mai kyau kuma har yau ba OT ba ce. Abin da zai cece ki abu biyu ne kuma kyauta ne: ki shiga shafin hukumar ƙasar ki ga ko kwas ɗin yana cikin waɗanda ta amince da su, sannan ki duba jerin WFOT, ƙungiyar OT ta duniya da aka kafa a 1952. Ƙa'idarsu ita ce ɗalibi ya yi aƙalla awa 1,000 yana aiki da marasa lafiya. Duk kwas ɗin da ba ki ga wannan awannin a ciki ba ki riƙe kuɗinki. In kin dawo gida da takardar waje ma dai sai kin bi ta MRTB.

Ni a ganina, kafin fom kafin komai, ki je ki kalli aikin na sati ɗaya ko biyu. Abin da kika gani a wajen Baba ɓangare ne mai daɗi. Akwai yaran da shawara ko doguwar naƙuda ta taɓa musu ƙwaƙwalwa, za ki yi wata shida kina koya wa yaro riƙe cokali, uwar tana tsaye tana kallonki kamar ke kika riƙe maganin kika hana. Akwai masu ƙuna da fatar ke tattarewa, ki jiƙa robar nan a ruwan zafi ta yi laushi ki lanƙwasa ta daidai hannun, kamar karan ɗori amma na zamani, suna kuka kina ɗaurewa. Akwai ɓangaren ƙwaƙwalwa, inda aikin shi ne mutum ya koma iya wanka da girki da zuwa kasuwa ya dawo da canji daidai. Mai gashi yana neman hannu ya motsa, mu muna neman hannun ya koma yin abin da mai shi ya saba yi da shi, wannan ne bambancin a taƙaice.

Kuma abin da ya sa ba na so ki karaya, muna da ƙarancin masu jin Hausa a aikin nan ƙwarai. Akwai wani dattijo mai sayar da albasa a Mile 12 da aka turo min, ɓarin dama ya shanye, an yi ta fama da shi ya ƙi motsa jiki, an rubuta a fayil wai ba ya ba da haɗin kai. Da na gaishe shi da Hausa na ce Baba me ka fi so ka iya, sai ya yi shiru can ya ce alwala, ya gaji da jikarsa tana zuba masa ruwa. Ba wanda ya taɓa tambayarsa. Muka ajiye ƙwallayen robar nan gefe, na sa aka kawo buta ƙarama marar nauyi, muka sama masa kujera 'yar tsuguno mai ɗan tsayi da zai iya tashi daga kanta, muka dinga yi gaɓa gaɓa, kuma na ce ya tambayi malaminsa rangwamen da addini ya yi wa marar lafiya don wannan ba fagena ba ne. Sai ga mutumin da aka ce ya ƙi, shi ke riga kowa zuwa. Littattafan da muka karanta maganar wuƙa da cokali mai yatsu da bahon wanka suke, babu tuwo da hannu, babu ɗaura zani, babu masai na tsuguno, babu naɗa rawani, duk wannan ke za ki ƙirƙiro da kanki, kuma sai wadda ta tashi a ciki.

Don haka ki zauna da maigida ku yi maganar shekarun da gaske, wa zai riƙe gida, ina kuɗi zai fito, ba sai an yi nisa a fara ƙorafi ba. In Ife za ta yiwu ni ita zan zaɓar miki, ya fi ki ci bashin da zai hana ki barci. Wajen kallon aiki kuwa ki rubuta takarda zuwa shugaban sashen OT, ko a asibitin ƙashi na Igbobi ko a Yaba, ki haɗa da kwafin digirinki, ki kai da kanki kar ki aika. Jirgin ƙasan nan na jan layi yana tsayawa a Agege ya bi ta Oshodi har Yaba, ya fi miki danfo da safe nesa ba kusa ba. Ki saka takalmi flat, tsayuwa za ki sha.