Aikin makarantar da kuɗinsa bai kai na dillali ba

Wa alaikumus salam Malam. Na karanta tambayarka har sau biyu, kuma wallahi ciwon da ka kwatanta ba baƙo ba ne ga duk wanda ya daɗe a sana'ar nan ta gina shafukan intanet. Ka ce ku huɗu ne, kusan duk aikinku daga hannun dillali guda yake fitowa, shafukan kamfanoni masu feji biyar waɗanda ba mai sake buɗewa bayan an biya kuɗi. Yaranka sun fara sanyin jiki, ɗaya ma yana neman tafiya. Ga wata makarantar kuɗi tana son shafin da iyaye za su riƙa duba sakamakon jarrabawa su biya kuɗin zango, amma abin da za ta bayar bai kai na dillalin ba. Ni dai shawarata ka karɓa, amma da sharuɗɗa.

Sanyin jikin da kake gani a yaranka ba lalaci ba ne. Mutum ya yi wata uku yana canza tambari da launi a kan samfuri guda na WordPress, manhajar gina shafuka, ba wanda ya taɓa kiransa ya ce ga abin da ya lalace ko ga abin da ya yi kyau, to dole hannunsa ya mutu. Shafin da ba a amfani da shi ba ya koya wa kowa komai. Ɗauki fom ɗin tuntuɓa kawai. Da yawa suna barinsa yana aika saƙo kai tsaye daga saba, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kai, ba tare da an saita SPF ko DKIM, shaidun da ke nuna saƙon ba na bogi ba ne, a domen, wato sunan adireshin shafin, ba, alhali tun watan Fabrairun 2024 Gmail ya wajabta aƙalla ɗaya daga cikinsu ga duk mai aiko masa da saƙo. Saƙon ko dai a mayar da shi ko ya faɗa kwandon shara. A shafin da ya mutu, fom ɗin zai shekara a haka ba wanda ya sani, yaronka kuma yana can yana ganin ya iya. A shafin da ake amfani da shi, kafin la'asar an bugo maka waya ana faɗa. Wannan wayar mai zafi ita ce makarantar da babu irinta, kuma dillali ya raba ku da ita.

Haka hoto. Yaro ya ɗora hoton megabait 4 a fejin farko, ya gwada a kwamfutarsa da intanet ɗin ofis, ya ga ya buɗe nan take. Ma'aunin Google shi ne babban abin da ke fejin ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. Uban yaro da ke riƙe da ƙaramar Tecno ko itel a wurin da sabis ke rawa, shi zai gaya maka gaskiya. Sai ka ga yaron nan da kansa ya koma yana rage faɗin hoton zuwa fiksel 1600, ya mayar da shi WebP, nau'in hoto mara nauyi, ya matse shi ƙasa da kilobait 200, ba don ka tilasta shi ba.

Bari in tsaya a kan dillalin nan, domin raina yana ɓaci in na tuna irinsu. Salonsu iri ɗaya ne ko'ina. Shi ya ci kwangilar, ku ba za ku taɓa ganin mai shafin ba, domin in kun haɗu za a gane nawa aka bayar, nawa ya iso hannunku. Tambarin kamfani zai turo ta WhatsApp, wanda ya riga ya matse shi ya dusashe. In ka nemi rubutun da za a zuba, sai ya ce ku cika da kome kuka samu, daga baya za a gyara, kuma wannan daga bayan ba ta zuwa. In ka ce a sayi jigon shafi, wato shiryayyar ƙirar kamanninsa, mai lasisi, sai ya ce ai akwai na kyauta, ya turo maka wanda aka fasa. Irin waɗannan da yawa akwai ƙofar baya a cikinsu da masu kutse ke shigowa ta nan. Bayan 'yan watanni sai ka tarar shafin ya haifi ɗaruruwan fejin tallar caca da magunguna, Google ya sa jan allo na gargaɗi, kamfanin hostin, mai ba ku hayar wuri a saba, ya dakatar da asusun. In kuma kun yi kuskuren da kusan kowa ke yi a farko, wato jibge duk shafukan kwastomomi a asusun hostin guda na cPanel don rage kuɗi, to guda ɗaya ya kamu duk sun kamu, tunda fayilolinsu a ƙarƙashin mai amfani ɗaya suke. Kwana uku ba barci, kuna bin fayil ɗaya bayan ɗaya, kuma ba wanda zai biya ku sisi.

Ba ma wannan ne mafi ciwo ba. Domen da sunansa da imel ɗinsa ya yi rajista. Shekara ta zagayo, saƙon sabuntawa yana zuwa akwatin da ba ya dubawa, ko kuma ya riga ya yi ɓatan dabo. Domen ya mutu, shafi ya ɗauke, imel ɗin kamfanin gaba ɗaya ya ɗauke tare da shi. Mai kamfani bai san kowa ba sai sunan da aka rubuta a ƙasan shafi, wato naku, in ma dillalin ya bari kun sa. Ku za a kira a zaga. A domen .com, bayan ɗan lokacin sassauci da kamfanin rajista ke bayarwa, sai ya shiga kwana 30 na fansa da kuɗi mai tsada, sannan kwana 5 na jiran sharewa, daga nan kowa na iya saye. Kuma ba za ka iya fanso shi ba tunda ba a hannunka asusun yake ba. Ragowar kuɗinka kuwa, kullum sai an biya ni, sai an biya ni. Aikin ma ba ka da ikon nuna shi ga wani kwastoma a matsayin naka, shi yake nunawa a matsayin nasa. Allah Ya isa kawai. Shekara biyu a haka, ka waiwaya ka ga kamar an shuka dusa.

To, makarantar. Kada ka ɗauka don aikin yana da amfani zai zo da sauƙi, ya fi na dillali wuya nesa ba kusa ba, kuma wuyar ce ribarsa. Kafin a rubuta layin kod ko ɗaya, a ba ku mutum guda a makarantar wanda maganarsa ke zama, ba kwamiti ba. Sannan ka ɗauki yaranka biyu ku je ku wuni a ofishin jarrabawa. Ku ga yadda suke haɗa maki da idonku: gwaji 30 jarrabawa 70 ne, ko 40 da 60? In ɗalibai biyu sun yi kunnen doki a na uku, na bayansu na huɗu ne ko na biyar? Wanda bai zauna jarrabawa ba sifili ake sa masa ko a bar gurbin? Wanda ake bi bashin kuɗin makaranta a rufe masa sakamako ko a bari? Ba wanda zai gaya maka waɗannan a waya, domin su a wurinsu abu ne da kowa ya sani.

Kada ku kuskura ku bambance ɗalibai da suna. A aji guda za ka samu Aisha Muhammad uku. Lambar shiga makaranta ita ce makulli, in ba su da ita ku ƙirƙira musu tun ranar farko. Jerin sunayen kuma a Excel za su kawo. Excel yana cinye sifilin farkon lambar waya in ba a saita layin lambobin a matsayin rubutu ba, sai 0803 ta koma 803, saƙon tes ya ƙi tafiya. In an adana fayil ɗin a CSV na gama-gari maimakon CSV UTF-8, duk suna mai ƙ ko ɗ ko ɓ sai ya fito da alamar tambaya a tsakiyarsa. Rumbun bayananku a saita shi a utf8mb4, tsarin da ke ɗaukar waɗannan haruffa. Wannan abin yana ci mini tuwo a ƙwarya, mu da kanmu muke gina shafukan da ba sa iya rubuta sunayenmu. Ku duba salon haruffan da kuka zaɓa ma, da yawa daga masu kyan gani ba su da haruffa masu ƙugiya, sai burauza ta aro daga wani salon, harafi ɗaya ya fito daban kamar haƙorin Makka. Salon Noto Sans yana da su duka. Ku gwada a takardar sakamakon da ake bugawa, ba a allo kaɗai ba, don galibi a PDF ɗin suke ɓacewa.

Ranar fitar sakamako kowa zai shigo a awa guda. Hostin na haɗaka, inda shafuka da yawa ke raba saba ɗaya, yana da iyakar ayyukan da yake bari a lokaci ɗaya, in an wuce sai iyaye su riƙa ganin kuskure mai lamba 508. Maganinsa mai arha shi ne kada a riƙa haɗa PDF duk lokacin da wani ya danna. Da zarar shugaban makaranta ya amince da sakamakon aji, a haɗa na kowa da dare a ajiye, da safe sai miƙawa kawai. Amma a ajiye su a wajen babban fayil ɗin da jama'a ke iya kaiwa, kuma saba ta tabbatar wanda ya nema shi ne mai shi. Gwajin da nake so ka yi da hannunka: shiga a matsayin uba, in ka ga lamba a adireshin sama, ka canza 101 zuwa 102. In sakamakon ɗan wani ya buɗe, ba ku gama aiki ba. Bayanan yara ne, kuma dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 galibi tana neman amincewar iyaye kafin a sarrafa bayanan yaro, don haka a sa wannan a fom ɗin shiga.

Biyan kuɗi nan ne ake jin kunya. Asusun Paystack ko Flutterwave, kamfanonin karɓar kuɗi ta intanet, da sunan makaranta za a buɗe, kuɗin iyaye kada ya ratsa ta asusunka ko na kwana ɗaya. Kada ku dogara da dawowar mai biya zuwa shafinku a matsayin shaida, domin data na iya yankewa bayan an cire masa kuɗi, shi ya biya ku kuma ba ku rubuta ba. Ku karɓi sanarwar da kamfanin ke turo wa sabarku kai tsaye, ku tantance sa hannunta, sannan ku sake tambayar kamfanin da lambar cinikin, ku gwada adadin da aka biya da wanda ake bin ɗalibin. Paystack da kwabo yake lissafi, naira dubu 50 sai an tura ta 5000000, in an manta ninkawa da 100 uba zai biya naira 500 a rubuta masa ya gama. Sanarwa ɗaya tana iya zuwa sau biyu, don haka lambar ciniki kada rumbu ya karɓe ta fiye da sau ɗaya. Wannan ɓangaren ka ba yaron da ke son tafiya, kuma ka sa shi ya zauna kusa da ma'ajin makarantar ranar da kuɗin farko zai shigo. Ba na ce zai fasa tafiya ba, wataƙila albashi ne damuwarsa, wannan kuma magana ce daban da ya kamata ku yi ku biyu.

Sai dai fa a kula, aiki mai amfani ba shi ne aikin kyauta ba. Akwai masu zuwa da daɗin baki, don al'umma ne, don Allah ne, za mu tallata ku, kuma shafinsu ya mutu kamar na dillali, ga shi ba a biya ba. Ni abin da nake dubawa uku ne: wa zai buɗe shafin nan ranar Litinin da safe, me zai yi a ciki, kuma wa zai kira ni in ya ƙi aiki? In ba amsa, komai kyan manufar, gawa ce za ku gina.

Kuɗin makarantar ya yi kaɗan, to a rage aikin, kada a rage farashin aikin. Zangon farko sakamako kawai, biyan kuɗi a zango na biyu da nasa lissafin. Kashi 50 kafin alƙalami, 30 in an nuna musu a shafin gwaji, 20 kafin a miƙa makullai. Gyara zagaye biyu, abin da ya wuce haka sabon ciniki ne, kuma a rubuce da sa hannu. Kuɗin kulawa na kowane zango daban, a faɗi abin da ya ƙunsa: sabunta manhaja, kwafin rumbun bayanai kullum a wani wuri da ba sabar ba, gwada dawo da kwafin sau ɗaya a zango, da duba cewa takardar tsaro ta Let's Encrypt, mai ƙarewa duk kwana 90, tana sabunta kanta. Domen da sunan makaranta da imel ɗinta, kuna iya nema musu .sch.ng ta hannun kamfanonin da NiRA, mai kula da domen .ng na Najeriya, ta amince da su. Kada ku yi musu abin da aka yi muku.

Dillalin kuma kada ka sallame shi gobe da zafin rai, albashin mutum huɗu ne a wuyanka. Ka ci gaba da karɓar nasa, amma daga yau kowane shafi da asusunsa daban, ba jigon da aka fasa, ba fara aiki sai rubutu da hotuna sun iso, ba ɗora shafi a domen sai an cika kuɗi. In ya yi fushi ya tafi a kan waɗannan, dama can tafiya zai yi.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka kada ku buɗe wa makarantar gaba ɗaya a makon sakamako. Ku tambayi ranar da zango zai ƙare, ku ja baya mako shida, ku fara da aji ɗaya da makin gwajin farko, malamin ajin ya haɗa nasa da hannu ku gwada da naku har su yi daidai. Ka faɗo mana yawan ɗalibansu da irin hostin da kuke kai, sai a duba ko zai ɗauka ko sai kun koma ƙaramar saba taku ta kanku.