Kafin ka huda gangar firi-amf ɗinka, duba bolum ɗin tukuna

Ɗana, na ga saƙonka jiya bayan isha'i kan firi-amf ɗinka, wato ƙaramar amfilifayar da ke ɗaga sauti kafin ya shiga babba. Ka ce: "Oga, firi-amf ɗin nan mai bawul da na haɗa, ina so in ƙara mata soket biyu a baya, sauti ya riƙa fita kai tsaye daga bolum ba tare da ya bi ta bawul ba. In muna kan batir ba sai na kunna ta ba. Ba waya biyu kawai zan jawo daga ƙafar tsakiyar bolum ba?"

Waya biyun ce, haɗe da ta ƙasa, kuma aikin dalmar bai kai minti 20 ba. Na ji daɗin tambayar, don tunanin mai kyau ne. Na'urar CD tana fitar da volt 2, babbar amfilifayarka kuwa wajen volt 1 ya ishe ta ta kai ƙarshen ƙarfinta. Bawul ɗin ECC83 da ka sa, kwalbar gilashin nan mai ƙara ƙarfin sauti, yana ninka sauti kusan sau 60, shi ya sa hannun bolum ɗinka bai taɓa wuce ƙarfe 9 ba, in ka ɗauke shi kamar hannun agogo. Kana ƙona hitar da ke ɗumama bawul ne kana haifar da ƙarfin da za ka zubar. Ga shi bawul ba abin da za ka shiga kasuwar Sabon Gari ka tarar a kowace rumfa ba ne. Sababbin da ake ƙerawa yanzu daga Rasha da Sulobakiya da Sin suke zuwa. Duk ranar da ka hutar da shi, ka ƙara masa kwana. Wannan mafitar sauti da masu sana'a ke kira fasif, wato wadda babu wuta a hanyarta kuma ba ta ƙara wa sauti komai, tana da amfani. Amma akwai abin da ban ga ka lissafa ba, kuma shi ne zai sa ka ji daɗin aikin ko ka yi da-na-sani.

Bawul ɗin nan ba ƙara ƙarfi kaɗai yake yi ba. Ka tuna yadda muka ɗaura shi: cikinsa gida biyu ne, rabin farko yana ninka sauti, rabi na biyu kuma muka ɗauki sauti daga ƙafarsa da ake kira katod. Wannan rabi na biyu ba ya ƙara komai, aikinsa tura sauti cikin waya, kuma turjiyar fitarsa ba ta kai 1k ba, wato ohm 1,000. Kamar injin ban-ruwa yake, ko tiyo ya yi tsawo zai kai ruwa ƙarshen gona. Ranar da ka kewaye shi, ka cire injin ke nan, ka bar ruwa ya gangaro da kansa ta bakin famfo. Famfon kuwa shi ne bolum ɗinka. Daga ranar, bolum ne mafitar na'urar, kuma wanda ka sa ba don wannan aikin aka zaɓe shi ba.

Juya shi ka karanta bayansa. Na san abin da za ka gani, A100K, don ni na ba ka shi. Turjiyar da ke fitowa ta ƙafar tsakiya ba a tsaye take ba, tana canzawa da juyin hannu. In ka rufe gaba ɗaya ko ka buɗe gaba ɗaya, kaɗan ce. Inda ta fi yawa shi ne inda ƙafar ta raba turjiyar gida biyu daidai, 50k sama 50k ƙasa. A nan abin da wayar waje take gani rubu'in jimla ne, wato 25k. Tun da bolum ɗin na sauti ne, mai alamar A, wannan wuri ba a ƙarfe 12 yake ba, yana can wajen ƙarfe 3 zuwa 4. Da bawul ba ka taɓa zuwa can. Ba bawul kuwa, can ɗin ne gidanka, don ba abin da ke ƙara maka ƙarfi, dole ka buɗe sosai. Ka ga inda za ka zauna shi ne daidai inda bolum ya fi rauni.

To ga waya. Kowace waya mai sulke ƙaramar kafasita ce, wato ma'ajiyar wuta, mita ɗaya wajen 100pF. Turjiya da kafasita in suka haɗu, siririn sauti suke ci. Ɗauki biro ka yi lissafin da na koya maka. Da 25k da waya mita 1, yankan yana farawa wajen 64kHz, kunne bai san an yi ba. Mita 3 ya sauko 21kHz, bakin iyakar jin mutum. Mita 5 kuwa ya dawo ƙasa da 13kHz. Na taɓa yi wa wani bawan Allah irin wannan aiki ina saurayi, ban tambaye shi inda zai ajiye kayan ba. Ashe babbar amfilifayar tana can kusa da lasifika, wayar ta kewaye falo. Bayan kwana biyu ya dawo ya ce muryar mawaƙin tana nan, amma kamar an lulluɓe lasifikar da bargo, ƙarar kacau-kacau ta ɓace. Na kwana ina duba dalma, alhali ba dalmar da ta saki. Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya zo ya ɗaga wayar, ya auna ta da hannu kamu-kamu, ya ajiye. Bai ce komai ba, ni ma na gane.

Sannan ka duba takardar babbar amfilifayar, ka ga turjiyar shigarta. Ka'idarmu ita ce mai karɓa ya ninka mai bayarwa sau 10. In shigarta 10k ce, kamar yawancin na tiransista da ake kawo mana gyara, to 25k ɗinka zai tura volt 1 amma abin da zai isa bai kai 0.3 ba. Za ka ji bolum ya yi sanyi har kusan ƙarshe, sai ya zabura lokaci guda. In 47k ce, da dama-dama. In 100k ce, irin ta masu bawul, ko da bai kai sau 10 ba, za a zauna lafiya da gajeriyar waya.

Za ka ce to a canza bolum. Haka ne, 10k yana ba ka 2.5k a mafi muni, ko waya mita 5 ce yankan yana sama da 100kHz. Amma kada ka yi saurin cire na 100k ka jefar. Abin da ya sauƙaƙa a gaba, nauyi ne ya koma baya. CD da kwamfuta ba ruwansu, suna iya jan 10k. Tsohuwar rediyon nan mai bawul da kake haɗawa a soket na uku na shigar sauti fa? In kafasitar fitarta 0.1µF ce, da 100k kaurin sauti yana sauka har 16Hz, da 10k kuwa sai ya fara zubewa tun daga 160Hz. Kiɗan ganga zai koma kamar ana kaɗa gwangwani. Ni da nawa ne, 20k ko 25k zan sa, in tsaya tsakiya: abin da zai fito 5k zuwa 6k, waya kada ta wuce mita 2. Bawul ɗin ba zai damu da canjin ba. Na'urar faifan garmaho kuwa ka manta da ita a wannan hanya, allurarta wajen milivolt 5 take bayarwa, sai ta bi ta nata matakin. Wayar hannu ma da kyar take kai volt 1, za ka buɗe bolum har ƙarshe ka ji bai ishe ka ba.

Yanzu maganar jawo waya kawai ba makunni. Kada ka yi. In firi-amf a kashe take, bawul mai sanyi ba ya jan komai, ba laifi. Amma wata rana za ka manta ka bar ta a kunne. Girid ɗin ECC83, wato ƙafar da sauti ke shiga bawul ta cikinta, yana zaune ne wajen volt 1 zuwa 2 ƙasa da katod. Kai kuma ka buɗe bolum har ƙarfe 4, volt 2 na CD kuwa ƙololuwarsa 2.8 ne. Da zarar sauti ya haura wancan, girid ya fara jan wuta, sai ya daddatse kan sautin a ƙafar tsakiya, inda sabuwar mafitarka take sha. Za ka ji karce a muryar da ba ta ma bi ta bawul ba, ka rasa daga ina. Ban da wannan, bawul mai zafi yana ɗora wa ƙafar wajen 100pF, kamar ka ƙara waya mita guda. Saboda haka sa makunni mai ƙafa 6, layi biyu, hagu da dama. Ƙafar tsakiyar bolum ta je tsakiyar makunni, gefe ɗaya ya tafi girid, ɗaya ya tafi sabon soket. Razistar 1M ɗin nan da ke tsakanin girid da ƙasa, ka tabbata tana ɓangaren bawul, manne da gindinsa, ba ɓangaren bolum ba. Girid ba a barinsa yana lilo ko na daƙiƙa ɗaya. In ka samu makunni mai layi huɗu, ya fi, sai ka sa sauran biyun su kwantar da girid a ƙasa duk lokacin da ka juya zuwa fasif.

Soket ka sayi mai zoben roba, wanda jikinsa ba ya taɓa ganga. Wayar ƙasarsa ka kai ta ƙafar ƙasa ta bolum, wuri ɗaya tak. In ka bar ƙasa ta bi hanya biyu, ta ganga da ta waya, ƙugin 50Hz na wutar gari zai shigo, kuma ruwa ba ya tsami banza, duk ƙugin da ka ji akwai zoben da ka ɗaura. Wayar cikin ta zama mai sulke, gajeriya, ta bi gefen da babu taransifoma, kada ta yi tafiya kafaɗa da kafaɗa da murɗaɗɗiyar wayar hita.

Abin da ya fi duk wannan, kuma ina so ka karanta shi sau biyu. A cikin gangar nan akwai volt 250 zuwa 300, kuma zare fulogi ba ya kashe shi. Manyan kafasitocin suna riƙe wuta. Akwai tabo a babban yatsana na dama, fari, kamar ƙwayar gero, na same shi ne daga na'urar da ta kwana a kashe. Zare fulogi, ɗauki razista 100k mai watt 2 da maƙalai biyu masu rigar roba, maƙala ƙasa tukuna, sannan kan kafasita, hannu ɗaya a aljihu. Jira minti guda, auna da mita, sai ka ga ƙasa da volt 10 kafin yatsanka ya shiga. Ban yarda da gajarta ta da sukundireba ba, yana lalata kafasita. Tun da ka buɗe, liƙa 220k mai watt 2 ta zauna can dindindin tana zuƙe wutar duk lokacin da aka kashe.

Kuma kada ka ɗauki injin huda yau. Bayan ka sauke wutar, ɗauki waya mita 1 mai kan soket, maƙala ta a ƙafar tsakiya da ta ƙasa, firi-amf a kashe, kai ta babbar amfilifaya, rufe bolum, sannan ka kunna. Sa waƙar da kunnenka ya haddace, ka saurara kwana biyu. Ka lura da inda hannun yake tsayawa, ka lura ko siririn sautin yana nan. In ya gamsar da kai, sai a huda: cire bawul biyun, na hagu da na dama, ka naɗe su a tsumma, rufe cikin da takarda, ka liƙa salatif a bayan wurin hudar don ya kama garin ƙarfe, don ƙwaya ɗaya in ta faɗa gindin bawul ta isa ta haɗa volt 300 da girid.

Ranar Asabar ka zo shago da ita da takardar babbar amfilifayar. Ina da bolum 20k mai layi biyu a akwatin ƙarƙashin benci, sai mu gwada shi da naka mu ji bambanci. Ka gaida mutanen gida.