Tsirkiyar bes tana zizar ƙarfe

Ka ce gitar bes ɗinka tana ziza idan ka danna tsirkiya a ƙarafunan farko, wato siraran ƙarafan da ke jere a kan wuyan gitar. Ɗan'uwa, wuyan ne ya miƙe fiye da kima. Sauyin damina da hunturu kan motsa katakon.

Danna tsirkiya mafi kauri a ƙarfe na 1 da na ƙarshe, ka leƙa ƙarfe na 8. Ya kamata katin kasuwanci ya shige da ƙyar tsakanin tsirkiyar da ƙarfen, sararin kusan milimita 0.3. In babu sarari, sa alanki, wato ɗan ƙarfen juya ƙusa mai siffar L, ka sassauta sandar cikin wuyan: juya ta hagu, rubu'in juyi kawai. Gyara sauti, ka bari ta kwana. In sandar ta cije, kar ka tilasta, tana karyewa.

Zizar bayan ƙarfe na 12 kuwa, maganinta ka ɗaga jakin tsirkiyar, wato abin da tsirkiya ke hawa a kansa a jikin gitar.